'Yar Farina da Turancin Zuciya Biyu

Ni mutum ne na eh ko a'a. Aikina ne ya koya mini haka. Shekara da shekaru ina jan a-kori-kura a Babbar Kasuwa, in ɗauki buhunan shinkafa da katan-katan na taliya in kai wa masu shaguna a Unguwar Shanu da Rafin Guza da duk inda aka ce. In mai kaya ya tambaye ni ko motar za ta ɗauka, sai in dubi kayan, in dubi taya, in ce za ta ɗauka, ko in ce ba za ta ɗauka ba. Direban da ya tsaya yana inda-inda, kafin ya gama wani ya yi lodi ya wuce. Boko kuwa a aji huɗu na firamare na ajiye shi, can ƙauyenmu a ƙasar Kano. Turancin da na sani na kan titi ne: fakin, lasin, oga, sori. Da shi na rayu, kuma bai taɓa gaza mini ba sai a daminar da zan ba da labarinta.

Ina da 'yar fari. Ba zan rubuta sunanta ba, don ko a baki ban taɓa faɗarsa ba. A inda na taso, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Uwa kuwa kunyarta ta fi ta uba. Yaran yanzu dariya suke yi wa wannan, amma haka na ga ubana ya yi da yayana, haka ni ma na yi. Lokacin da tsohuwata take raye ita ce a tsakani. Yarinyar ta faɗa wa kakarta, kakarta ta kawo mini da ƙarin zagi a kai, in ba da amsa ta koma ta hanyar da ta zo. Da Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa sai gidan ya koma magana da bango. In yarinyar tana so in ji wani abu, sai ta tsaya a tsakar gida, ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Ana shan shayi da sukari a ɓoye a gidan nan, kuma likita ya hana." Ni kuma daga ɗaki in ce, "An ji." In ni ne da magana, sai in faɗa wa uwarta da ƙarfi yadda zai kai ɗakinta. Haka muke, kuma saƙo bai taɓa ɓata ba.

Nas ce, a wani asibiti take aiki. Ta yi aure, Allah bai ba su haihuwa ba, mijin ya rasu a hatsarin mota. Da ta gama takaba ta dawo gida. Dawowarta ta zo daidai da lokacin da ciwon suga ya buɗe mini gyambo a diddigen ƙafar dama, ƙafar totur da birki. Kullum da safe kafin ta tafi aiki sai ta shigo da roba da ruwan gishiri da auduga, ta durƙusa, ta ɗora ƙafata a kan cinyarta, ta wanke, ta sa magani, ta naɗe. Ni ina kallon bango, ita tana kallon ƙafa. "Ina kwana" da "lafiya lau", shi ke nan hirarmu. Amma hannunta ya san inda yake mini zafi kafin in ce wash.

Wata rana uwarta ta kawo mini tuwo ta ƙi tashi. In ta ƙi tashi na san da magana.

"Malam, 'yarka ta samu hanyar aiki a Ingila."

"'Yarki dai."

"To, ko ta waye. Akwai wata babbarsu a asibiti da ta riga ta tafi da mijinta, a gidansu za ta zauna. Saura jarrabawar Turanci. Amma ta ce in ba ka yarda ba, ko ɗakin jarrabawar ba za ta shiga ba."

"Ita tana so?"

"Ni ta faɗa mini? Ni ma a bakin ƙanwarta na ji."

Na ce a ba ni lokaci in yi tunani. Wannan kalma ban saba faɗarta ba, har uwar ta dube ni. Na ci tuwon ban ji ɗanɗanonsa ba.

Daga nan Turanci ya fara shigo mini ta taga. Ɗakina yana da taga ta langa-langa da take kallon tsakar gida. In na dawo daga kasuwa bayan la'asar nakan kwanta in ɗora ƙafar a kan filo. Sai yarinyar ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a ƙarƙashin tagar da wayarta. Wata mata a cikin wayar ta yi magana, ita ta maimaita. Matar ta sake, ita ta sake. Da farko ban kula ba. Amma muryarta ba irin ta karatu ba ce a kunnena. A hankali take yi, tana tsayawa, wani lokaci ta yi ajiyar zuciya. Ni kuma mutum ne da ya shekara yana karɓar saƙo ta bango. In 'yar fari ta zauna a ƙarƙashin tagar ubanta tana maimaita magana ɗaya, wa take faɗa wa? Sai na miƙe zaune na kasa kunne.

Kalma ɗaya na iya kamawa a ranar, don ta fi dawowa. Na riƙe ta a baki, ina juya ta kada ta zube, na ɗingisa zuwa ƙofar gidan maƙwabcina. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, Bazazzagi, ya yi ritaya yana zaman benci a gindin darbejiya da tabarau da tsohuwar jarida. Tun da na zo unguwar muke tsokanar juna, irin ta Kanawa da Zazzagawa.

"A'a, bawana, yau da ƙafa uku? Zo ka gaishe da ubangidanka."

"Ubangidan da fansho ya mayar da shi mai gadin bishiya. Matsa mini. Mene ne rilaktan?"

Ya sauke jaridar. "Ina ka sato wannan?"

"A rediyo."

"Rediyon gidanka mai sa farin kaya ta tafi asibiti?"

Ya gyara tabarau, ya ce, "Rilaktan shi ne mutum ana so ya yi abu, amma ƙafarsa tana ja da baya. Kamar Bakano in an ce ya yi kyauta."

"To zai yi ko ba zai yi ba?"

"Kalmar ba ta faɗa ba."

"To mene ne amfaninta?"

"Amfaninta? Mu da irinta muka ci abinci a ofis har muka yi ritaya. In an kawo maka fayil, ba ka so ka ce eh, kana tsoron ka ce a'a, sai ka nemi irin wannan ka ɗora a kai ka tura teburin gaba."

Na dawo gida kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na fita. Amma abu ɗaya ya zauna mini: ƙafarta tana ja da baya.

Washegari ta sake zama a wurin, da jibi, da gata. Kullum in kama abin da na iya in kai wa Bazazzagi. Wasu sukan zube a hanya, in isa da rabinsu, ya yi ta dariya yana haɗa su. Na kai masa hezitan, ya ce mutum ne ya ɗaga ƙafa zai taka sai ya tsaya da ita a sama. Na ce ai wannan rilaktan ne, ka riga ka faɗa mini. Ya ce a'a, da bambanci, wancan ba ya so ne, wannan bai tabbata ba ne. Na ce to ni ban ga bambanci ba, duk su biyun ba su tafi ba. Na kai masa daut, ya ce shakka. Wannan kam na gane, na ce da ma duk haka suke. Na kai masa sakan tot, ya ce ka yi tunani ka gama ka yanke, sai wani tunanin ya zo daga baya ya zauna a kan na farko. Na kai masa on di fens, ya ce mutum ne ya hau katanga ya zauna, ba ya wannan gida ba ya wancan.

"Ɓarawo ke nan," na ce. "Ko akuya."

"A wurinsu ba laifi ba ne. Har manya suna hawa."

"Allah ya kyauta. Mutanen da suka ƙera jirgin sama, amma ba za su iya cewa eh ko a'a ba?"

"Wataƙila shi ya sa jirgin nasu yake tashi. Sai sun yi daut sau ɗari kafin su ɗaura ƙusa ɗaya."

Na ce masa ni dai na gane abin da ake faɗa mini. Yarinya ba ta son tafiya. Kunya ce ta hana ta faɗa, tana tsoron a ce ta yar da arziki, shi ya sa ta koma Turanci ta zauna inda zan ji. So take in ce a'a, nauyin ya dawo kaina ita ta huta.

Bazazzagi ya ɗaga hannu biyu. "Ni dai fassara na yi. Ban ce haka ne ba, ban ce ba haka ba ne."

"Ka ga? Kai ma kana kan katanga."

Gaskiya na ji daɗi a ranar. Har tsire na saya na shiga da shi gida, duk da ba a so in ci. Na tarar tana guga a ɗakinta, ƙofa a buɗe, uwar tana tankaɗe a tsakar gida. Na tsaya na ɗaga murya yadda aka saba.

"A faɗa wa mai maganar tafiya na yi tunani. Ban yarda ba. A zauna."

Uwar ta tsaya da rariya a hannu. Ƙarar dutsen guga ta ɗauke. Can sai na ji daga ɗakin, a hankali, "An ji."

Na shiga ɗakina ina jin na sauke wa 'yata kaya.

Da safe ta zo da robarta. Ta wanke, ta sa magani, ta naɗe, hannun nan bai canza ba. Amma da ta sunkuya na saci kallonta, idanunta sun kumbura. Na ce a raina, to, kukan daɗi ma akwai shi. Da yamma na kwanta ina jiran Turanci ta taga, ba abin da ya shigo. Washegari ma haka. Kujerar tana nan, ba kowa a kai. Gidan ya yi shiru irin na bayan zaman makoki, har ƙanwarta mai surutu ta koma raɗa.

Uwar ce ta kasa haƙuri. Ta shigo ta turo ƙofa.

"Malam, tun da muke ban taɓa sa baki a maganar yarinyar nan ba. Amma me ta yi maka?"

"Me ta yi mini kamar yaya? Ita ce ba ta so. Da kunnena na ji."

"A ina?"

"A nan, ta tagar nan. A Turance."

Ta dube ni kamar na ce mata motata ta haihu. "Inna lillahi. Malam, karatu ne fa. Matar cikin wayar ce take faɗa, ita tana bi. Kwanakin baya ai kan kasuwa suke, ƙanwarta ta ce mini wuni ta yi tana sayen tumatir a Turance. Ka ga ta shigo da tumatir?"

Sai na ce, "Na tumatir ɗin a ina ta yi?"

"A ɗakinta."

"Sau nawa?"

"Ina na sani? Sau ɗaya ko biyu."

"To wannan me ya sa ta yi ta maimaita shi kwana da kwanaki, kuma a ƙarƙashin tagata?"

Uwar ta ce, "Nan ne sabis ya fi kamawa."

"Kin tabbata?"

"Haka na ji suna cewa." Ta ɗan tsaya. "Ko kuma a bakin rijiya ne suka ce. Kai, ni ka ruɗa ni."

Ta fita ta bar ni a ruɗe fiye da ita. Karatu ne ko saƙo ne? In karatu ne, na rufe wa yarinya ƙofar arziki a kan maganar wata mata da take cikin waya. In saƙo ne, me ya kumbura mata ido? Kuma ba wanda zan tambaya. Tsohuwa tana kabari. Ni ba zan kira ta in zaunar da ita in ce ke me kike so ba, bakina bai san hanyar ba. Ko na yi, sunkuyar da kai za ta yi ta ce duk abin da Baba ya ce.

Kwanakin nan na yi tuƙi kamar sabon ɗan koyo. Na kai wa mai shago a Rafin Guza kayan mai shago na Unguwar Shanu. 'Yan dako suka ce ko sugan ne ya hau. Ba suga ba ne. Abin da ya dame ni shi ne, da na bar tambayar me take so, na koma tambayar me nake so, sai na tarar ba amsa. In na tuna albashin da take karɓa a nan, da yadda take dawowa ƙafafu a kumbure, da yadda take zama ita kaɗai tun rasuwar mijin, sai in ji wallahi ta tafi, ta ga duniya, ta sha iska. In na tuna safiya ba ƙarar robar nan a ƙofar ɗakina, sai in ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji. In na tuna bakin mutanen unguwa, mace ita kaɗai a ƙasar Turawa, sai in ji daidai na yi. In na tuna ba mutanen unguwa ne suka haife ta ba, sai in ji ban yi daidai ba. Duk wannan kafin in fita daga gosulo ɗaya. Ni da nake duban taya in yanke magana.

Na koma wurin Bazazzagi. Da ya ga fuskata bai ce bawana ba, matsawa kawai ya yi. Na ba shi labarin tumatir. Ya fara dariya har da tari, sai kuma ya daina.

Na ce, "Yau ba tata na kawo ba. Tawa nake nema. A cikin tarkacen nan naku akwai wadda ta dace da wannan? Ina so ta tafi da duk zuciyata. Ba na so ta tafi da duk zuciyata. Ba rabi da rabi ba, ka gane? Kowanne cike yake. Kuma zuciyar ɗaya ce."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa. Yana da ɗa a ƙasar waje da ya jima bai zo gida ba, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

"Akwai," ya ce. "Ambibalan."

"Am me?"

"Ambibalan."

"Kamar sunan allura. A Hausa fa?"

"Zuciya biyu."

"Wannan ai zagi ne. Mai zuciya biyu ba a ba shi amana."

"To kokwanto."

"Ba kokwanto nake ba. Na san abin da nake ji, yawa ya yi."

"Wasu-wasi?"

"Na Shaiɗan ke nan. Kai ka san in na tsaya a tsakar gida na ce ina wasu-wasi, uwar yara hayaƙi za ta turara mini."

"To riƙe ta Bature. Ita ba ta da dangi a unguwar nan, ba wanda zai ce ka yi abin kunya."

Wannan maganar tasa ta zauna mini. Kunyar da ke tsakanina da 'yata da Hausa aka gina ta. Ubana bai hana ni yi wa ɗan fari Turanci ba, don bai san za a yi ba.

Na ɗauki kalmar na shiga da ita mota. Ina jiran lodi ina maimaitawa, ina cikin gosulo ina maimaitawa. Wani ɗan dako ya leƙo ya ga bakina yana motsi, ya ce, "Malam, a sa mu a addu'a." Na ce to. Sau biyu ta ɓace mini gaba ɗaya, sai da na koma gindin darbejiya aka sake ba ni.

Safiyar da na faɗa ana ruwa, irin mai tsinkewa ya dawo. Ta shigo da roba, mayafinta ya jiƙe a kafaɗa. Ina kwana, lafiya lau. Ta durƙusa ta ɗora ƙafar ta fara warware bandeji. Na dubi bango. Na buɗe baki na rufe ya fi a ƙirga. Sai da ta kai ga auduga na ce wa bangon, "Akwai wani mutum a gidan nan, a kan maganar tafiyar nan, shi dai... ambibalan ne."

Hannunta ya tsaya. Na ga kafaɗunta suna rawa, na rasa dariya take ko kuka. Ina jin duka biyun ne. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa ƙafata, "Mi tu, Baba."

Wannan kam ko ɗan aji huɗu ya san shi.

Daga nan sai ta ɓalle. Turanci ta yi ta zubawa, tana wanke gyambon tana yi, hawaye yana sauka a kan ƙaurina. Tun da aka haife ta ban taɓa jin ta yi mini magana mai tsawon wannan ba, kuma ban gane ko kashi ɗaya cikin goma ba. Sai dai nan da can in ji wata da na sani ta wuce, rilaktan, daut, kamar ka hangi ɗan garinku a tashar da ba ka san kowa ba. Na ji ta ce Baba sau da yawa. Ban katse ta ba. Na bar ta har ta gama ta ɗaure bandejin.

Sai na ce, har yanzu ina kallon bango, "Wannan karatu ne ko magana?"

"Magana ce, Baba."

"Na ƙarƙashin taga fa?"

Ta share hanci da bakin mayafi. "Karatu ne na fara. Daga baya ni ma ban sani ba."

To, ga ni ga ta, ba wanda ya sani. Na so a ce ta ce mini ina so, ko ba na so, in ɗora hukuncina a kai. Ba ta ba ni ba, don ba ta da shi. Kuma magana tana jira, ranar jarrabawa tana matsowa, ba wanda zai yanke sai ni. Na tuna ranar da na ce a zauna idanunta suka kumbura. Shi kaɗai ne abin da na gani da idona a duk lamarin, sauran duk ta taga na ji.

Na ce, "A je a yi jarrabawar. In an ci, a tafi. Kafin nan a koya wa uwar gida wankin ƙafa."

Ta ce, "An ji." Ta ɗauki robarta. A bakin ƙofa ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki, sai na ce a raina, ga hezitan nan da idona. Ta fita cikin ruwan.

Na zaci da na ce eh ɗayan zai tafi ya bar ni. Bai tafi ba. A aikina in ka ce mota za ta ɗauka, magana ta ƙare, ka tayar ka wuce. Wannan na ce eh, a'a ɗin yana zaune kusa da ni a gidan gaba har yau.

Ta ci jarrabawar. Ta tafi bayan damina. Ban raka ta tasha ba, uba ba ya raka 'yar fari, na fita kasuwa da wuri na zauna a mota ban ɗauki lodin kowa ba. Uwar ce take wanke mini ƙafa yanzu. Tana ƙoƙari, amma hannunta na dakan sakwara ne, kullum sai mun yi faɗa. Gyambon ya ragu, bai rufe ba. In yarinyar ta kira, uwar takan buɗe muryar wayar ta ajiye a tabarma kusa da ni kamar mantuwa ta yi. Sai in ji ta ce, "Yaya ƙafar mutanen gidan?" In ce wa uwar, "A ce da sauƙi." Wani lokaci muryarta fes, wani lokaci in ji kamar ta yi kuka kafin ta kira. Uwar ta ce sanyin garin ne yake sa mata mura. Wataƙila.

Bazazzagi ya tambaye ni kwanaki ko na yi nadama. Na ce ban sani ba. Ya ce, "Sannu da hawa katanga, bawana, matso akwai wuri."

Kujerar tana nan a ƙarƙashin taga, ba wanda ya ɗauke. Ranar nan da gidan ba kowa na ɗauki wayata na zauna a kai, na duba sabis. Ya kama sosai. Na ɗingisa zuwa ƙofar ɗakinta na duba, bai kai na tagar ba. Na ce to, uwar ta yi gaskiya, karatu ne. Washegari na sake gwadawa don in tabbatar, sai na ƙofar ɗakinta ya fi.